Mura, Korona da Mai Ciwon Hanta

Mun saba ɗaukar mura da tari a matsayin ciwon ƙirji kawai. Amma da annobar korona ta ɓarke, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu 2020, likitoci sun lura cewa da yawa daga cikin waɗanda aka kwantar hantarsu ta taɓu. Gwajin jini ne ya nuna haka: sinadaran ALT da AST, waɗanda hanta ke saki idan ta ji rauni, sun hau.

Ƙwayar cutar takan iya taɓa hanta da kanta. Sai dai sau da yawa illar tana biyowa ne ta wata hanya: huhu ya kasa ba jini isasshiyar iska, ko garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙar cutar. Ga mai lafiyayyar hanta, wannan yakan wuce idan ya warke.

Damuwarmu tana kan masu ciwon hanta nau'in B wanda ya zauna a jiki. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, kuma yawanci ba su sani ba. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare, korona ko mura mai tsanani tana iya kayar da shi fiye da kowa.

A ganinmu, babban haɗarin yana cikin magani. Da hunturu mutum zai sayi farasitamol a kemis, ya haɗa da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, ya kora da jiƙon saiwoyi, wani har da burkutu. Babba mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini. Mai ƙandararriyar hanta likitoci sukan tsayar da shi a giram 2. Haka kuma dexamethasone, da ake ba mai korona mai tsanani, yana rage ƙarfin garkuwa, har ciwon hantar da ya kwanta ya iya tashi. Shi ya sa dole a gaya wa likita tun kafin ya rubuta magani. Mai shan tenofovir kuwa kada ya daina don yana mura, domin dainawa kwatsam tana tayar da ciwon.

Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ciki ya kumbura, ko mara lafiya ya fara ruɗewa da yawan barci, a kai shi asibiti a ranar.