Kwaikwayo da ishara a cikin Dragon Ball

Dragon Ball jerin littattafan zane ne da finafinan katun na ƙasar Japan, wanda Akira Toriyama (1955–2024) ya ƙirƙira. Labari ne na almara a kan wani yaro mai wutsiya da ake kira Son Goku, da neman wasu ƙwallaye bakwai waɗanda idan aka haɗa su wani ƙaton macijin almara zai bayyana ya biya wa mutum buƙata ɗaya. Ban da faɗace-faɗacen da aka fi saninsa da su, jerin cike yake da ishara zuwa ga tsofaffin littattafai, finafinai da shirye-shiryen talabijin, da kuma kwaikwayonsu ta hanyar barkwanci. Isharar da take cikin hoto takan kai ga mai kallo ko a wace ƙasa yake, amma wadda aka ɓoye a cikin sunaye da kalmomi mafi yawanta takan salwanta wajen fassara.

Tarihi

An fara buga labarin a mujallar Weekly Shōnen Jump ta kamfanin Shueisha a shekarar 1984, ya ƙare a 1995 da babi 519, waɗanda aka tattara a littattafai 42. Kamfanin Toei Animation ne ya mayar da shi katun. An nuna Dragon Ball a tashar Fuji TV daga 1986 zuwa 1989 a kashi 153, sai Dragon Ball Z daga 1989 zuwa 1996 a kashi 291. Daga baya aka yi Dragon Ball GT a 1996, Dragon Ball Super a 2015, da Dragon Ball Daima a 2024.

Kafin wannan aiki Toriyama marubucin barkwanci ne. Littafinsa na Dr. Slump, wanda ya fito daga 1980 zuwa 1984, a kan raha da zolaya aka gina shi. Wannan ne ya sa kashin farko na Dragon Ball ya fi na baya yawan kwaikwayo, domin a lokacin ba a mayar da hankali ga yaƙi zalla ba.

Tushen labarin a adabin ƙasar Sin

Babban abin da aka ɗora labarin a kansa shi ne littafin Xiyouji, wato Tafiya zuwa Yamma, wanda aka rubuta a ƙasar Sin a ƙarni na 16, ake kuma jingina shi ga Wu Cheng'en. Littafin ya ba da labarin malamin addinin Buddha, Xuanzang, wanda ya yi tattaki zuwa Indiya a ƙarni na 7 don ɗebo littattafai. A cikin almarar yana da 'yan rakiya, ciki har da sarkin birai Sun Wukong.

Sunan Son Goku shi ne yadda Japanawa suke furta Sun Wukong. Wutsiyarsa, da sandarsa mai tsawaita yadda aka so, da gajimaren da yake hawa, duk daga can aka ɗauko su. Sai dai Toriyama ya juya sauran abubuwan ya mayar da su abin dariya. A maimakon malami mai neman littattafai masu tsarki, sai ya kawo Bulma, budurwa 'yar birni mai neman ƙwallayen don ta roƙi saurayi. Alade mai kwaɗayi Zhu Bajie ya koma Oolong, wanda yake iya rikiɗa amma ba ya wuce minti biyar a sabuwar siffa. Sha Wujing ya koma Yamcha, ɗan fashin hamada da yake ruɗewa idan ya ga mace.

Haka nan labarin dutse mai ci da wuta. A littafin asali, sai da wani mafici na tsafi ake kashe wutar. A Dragon Ball an je neman maficin wurin tsoho Kame Sennin, aka tarar ya riga ya jefar da shi bayan miya ta ɓata shi. Da ya tashi kashe wutar da ƙarfinsa, sai ya rushe dutsen gaba ɗaya har da gidan da ake son cetowa. Wanda bai san littafin ba zai yi dariya, amma wanda ya san shi ne zai gane abin da ake zolaya.

Ƙwallayen kansu suna da alaƙa da littafin Japan mai suna Nansō Satomi Hakkenden na Kyokutei Bakin, wanda ya fito tsakanin 1814 da 1842, inda ake da duwatsun ado takwas da suka warwatsu.

Finafinan kunfu

Toriyama mai son finafinan Hong Kong ne, musamman Enter the Dragon na Bruce Lee na shekarar 1973 da Drunken Master na Jackie Chan na 1978. A babbar gasar faɗa ta farko da Goku ya shiga, malaminsa Kame Sennin ya sa gashin kanti ya ɓad da kama, ya shiga gasar da sunan Jackie Chun, don kada ɗalibansa su ci kofi girman kai ya kama su. A zagayen ƙarshe ya yi amfani da salon faɗan mashayi, wanda yake tangaɗi yana kai duka, irin na fim ɗin Jackie Chan. Goku kuwa ya yi amfani da salon biri a faɗan.

Kayan Goku da abokinsa Kuririn masu ruwan lemo sun yi kama da na 'yan gidan ibada na Shaolin, kuma ɗigo shida da ke goshin Kuririn kwaikwayo ne na tabon ƙunar turare da ake yi wa wasu masu ibadar Buddha a Sin. Chaozu, mai farar fuska da jan kumatu, an zana shi da kamannin jiangshi, gawa mai tsalle ta tatsuniyoyin Sinawa.

Finafinan Amurka da dodanni

A kashin rundunar Red Ribbon, Goku ya gamu da wani ƙaton mutum-mutumi mai baƙin tabarau da ake kira Metallic, wanda kamanninsa na Arnold Schwarzenegger ne a fim ɗin The Terminator na 1984. Faɗan bai ƙare da bajinta ba, batirinsa ne ya mutu. A hasumiyar dai akwai mutum-mutumi mai lamba 8, mai siffar dodon Frankenstein kamar yadda aka nuna shi a fim ɗin 1931, amma shi mai taushin zuciya ne, ba ya son faɗa ko kaɗan.

Mayaƙan tsohuwa mai duba, Uranai Baba, jerin dodannin tsofaffin finafinan ban tsoro ne: mai shan jini irin Dracula wanda aka kora da warin tafarnuwa, da mutumin da ba a gani, da gawa naɗaɗɗiya irin ta Masar. Rikiɗar Goku zuwa ƙaton biri idan ya kalli cikakken wata ta haɗa King Kong da almarar Turawa ta mutum mai komawa kyarkeci. Masu sharhi sukan kuma kwatanta asalin Goku da na Superman, tun da dukansu an turo su duniya suna jarirai daga wata duniyar da ta tarwatse. Kwaikwayon Superman kai tsaye shi ne Suppaman na Dr. Slump, matsoracin gwarzo wanda sunansa ya fito daga kalmar Japananci mai nufin tsami, kuma ya leƙo cikin Dragon Ball lokacin da Goku ya faɗa ƙauyen Penguin.

Shirye-shiryen talabijin na Japan

Rundunar Ginyu, mayaƙa biyar na azzalumi Freeza, ba sa fara faɗa sai sun jera sun yi tsayuwar burga kowa ya faɗi sunansa. Wannan zolaya ce ga jerin Super Sentai da aka fara a 1975, wanda daga gare shi aka samo Power Rangers a Amurka a 1993. Abin dariyar shi ne a can jarumai ne suke wannan tsayuwa, a nan kuwa miyagu ne. Gohan, ɗan Goku, shi ma ya sa hular kwano da mayafi ya kira kansa Great Saiyaman, yana irin wannan tsayuwa har abokansa suna jin kunya. Hular Chi-Chi tana yarinya, mai wuƙa a sama da ake cirewa a jefa, daga Ultraseven na 1967 aka ɗauko ta.

Wasa da sunaye

Kusan kowane suna a jerin yana da ma'ana ɓoyayya, kuma sunayen dangi ɗaya daga rukuni ɗaya suke fitowa. Hanyoyin da aka fi bi su ne juya gaɓoɓin kalma, yanke ta, ko aro daga Turanci da Sinanci da lafazin Japananci.

Ƙabilar Saiya: an juya gaɓoɓin yasai, wato kayan lambu. Vegeta yankakken sunan kayan lambu ne a Turanci, Kakarot karas ne, Nappa ganyen miya ne.

Freeza da mutanensa: shi firiza ne, mayaƙansa kuwa abubuwan da ake ajiyewa a firji. Ginyu daga gyūnyū ne, wato madara, sauran huɗun kuma man shanu, cuku, kirim da yogot.

Abinci da shayi: Gohan shinkafa ce ko abinci, Oolong da Puar nau'o'in shayi ne, Yamcha kuwa al'adar shan shayi ce ta kudancin Sin.

Kayan kiɗa: Piccolo ƙaramar sarewa ce, yaransa kuma sunayen ganga, fiyano da wani abin kiɗa mai kama da bandiri ne.

Gidan su Bulma: ita da mahaifinta da 'ya'yanta, ciki har da Trunks, duk sunayen tufafin ciki suke ɗauke da su.

Bibidi, Babidi da Buu: idan aka jera su sai su ba da sunan wata waƙa ta fim ɗin Cinderella na kamfanin Disney na 1950.

Kamehameha, shahararren harin Goku, sunan sarkin Hawai ne, kuma matar Toriyama ce ta ba da shawararsa. Ya dace da Japananci domin kame na nufin kunkuru, laƙabin malamin da ya ƙirƙiro harin, ha ta ƙarshe kuma tana nufin igiyar ruwa.

Akwai kuma shaguɓe ga zamanin da aka rubuta labarin. Freeza yana kashe mazauna duniyoyi ya sayar da wuraren, kuma Toriyama ya bayyana cewa dillalan filaye na lokacin hauhawar farashin gidaje a Japan, a ƙarshen shekarun 1980, su ne ya kalla ya zana shi.

Fassara da ce-ce-ku-ce

Masu kallo da yawa a wajen Japan ta fassarar Turanci, Faransanci ko Larabci suka san jerin, kuma a nan ne wasan kalmomi yake ɓacewa. A fassarar Faransanci, wadda aka fara nunawa a 1988, an kira Piccolo da Petit Cœur, ta haka alaƙarsa da kayan kiɗa ta yanke. A wasu fassarorin Amurka an sauya sunan Mister Satan zuwa Hercule, sai aka rasa dalilin da ya sa ake kiran 'yarsa Videl, wanda juyin haruffan kalmar shaiɗan ce a Turanci. Furucin Vegeta na cewa ƙarfin Goku ya haura 9000, wanda ya zama abin raha a intanet, a Japananci 8000 ne.

Ba kowace ishara ce ta tsaya a raha ba. An soki zanen Mister Popo, mai baƙar fata ƙirin da manyan jajayen leɓɓa, da cewa ya yi kama da tsofaffin zanen da Turawa suke muzanta baƙar fata da su. Marubuciyar littattafan yara ta Amurka, Carole Boston Weatherford, tana cikin waɗanda suka yi wannan suka. A 2010 wata tashar Amurka ta mayar da launinsa shuɗi. Haka kuma an yanke wani ɓangare mai kwaikwayon Hitler daga fim ɗin Fusion Reborn na 1995 a fassarorin Jamus da Faransa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Japan ba ta keɓe wa kwaikwayon barkwanci wata kariya ta musamman ba. A 2015 an janye kashin farko na katun ɗin Osomatsu-san daga kasuwa, wanda yake cike da kwaikwayon ayyukan wasu.

Makamancinsa a ƙasar Hausa

Wannan salo ba baƙo ba ne ga Hausawa. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. A finafinan Kannywood, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shahara da ɗaukar sanannun mutane ya mayar da su abin dariya, kamar a Ibro Awilo da Ibro Usama. Finafinan Bruce Lee da Jackie Chan kuma sun daɗe da karɓuwa a gidajen sinima da na kallo a arewacin Najeriya, don haka mai kallo Bahaushe yakan gane Jackie Chun nan take, ko da sunayen kayan lambu da na shayi sun wuce shi.

Tasiri

Daga baya Dragon Ball shi kansa ya zama abin kwaikwayo. Katun ɗin Gintama ya sha zolayarsa, kuma jerin yakan zolayi kansa. A Dragon Ball Super an maimaita kwanciyar Yamcha a cikin rami, wadda asalinta wurin mutuwarsa ce, a wani wasan ƙwallon sanda. A 2016 Shueisha ta fara buga wani gajeren littafin zane na Dragon Garow Lee, a kan wani ɗalibi masoyin jerin da ya farka ya ga kansa a jikin Yamcha.