Haukan Kai Ƙara

Na tashi a Zurgu na tarar da wani dattijo yana yawo da baƙar leda cike da takardun shari'ar wata gonar gado. Daga Rano har Kano babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. Mutanen gari suka ce ya taɓu. Sai da na girma na gano cewa likitocin Jamus sun daɗe da raɗa wa irin halinsa suna: haukan kai ƙara.

A ƙarni na 19 aka haifi sunan. Johann Ludwig Casper, likitan kotu a Berlin, ya fara bayanin masu wannan naci, Richard von Krafft-Ebing ya faɗaɗa a 1879, Emil Kraepelin ya shigar da shi littafinsa na koyarwa. Alamomin: a yi wa mutum ƙaramin zalunci, ko ya zaci an yi masa, sai shari'ar ta cinye dukiyarsa da iyalinsa. Alƙalin da ya kayar da shi ya zama maƙiyi, lauyansa ma haka. Ingila kuwa doka ta yi a 1896, bayan wani lauya, Alexander Chaffers, ya shigar da ƙararraki 48, har da Yariman Wales cikin waɗanda ya maka.

Ciwon gaskiya ne, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa wanda ake ƙara shi ke cewa mai ƙara ya haukace. A aikina na rubuta manhaja, mai yawan turo ƙorafi yana cin rai, amma ba sau ɗaya ba na buɗe lambobin na tarar kuskuren nawa ne.

Tarayyar Sobiyet ta tsare Janar Pyotr Grigorenko a asibitin mahaukata sau biyu saboda sukar gwamnati. A Jamus ɗin ma, a 2006 kotu ta tura Gustl Mollath asibiti, bisa zargin dukan matarsa, tana ɗaukar iƙirarinsa na cewa ana safarar kuɗi ta wani banki a matsayin ruɗu. Ashe tun 2003 binciken bankin kansa ya gaskata da yawa daga maganganunsa. Sai 2013 ya fito.

Mu nan, dokar mahaukata ta Turawa ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta ba majistare da likita ikon tsare mutum. Ita muka riƙe har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa, duk da cewa tun 1975 Janar Murtala ya kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ledar tana hannun babban ɗansa, kuma na ji ya fara zuwa Rano.