Kuɗin Shiru: Yadda Kukan Yara Ya Zama Haja a Jirgin Sama

A shekarar 1953, kamfanin jiragen sama na United a Amurka ya fito da wani jirgi na musamman da ke tashi da ƙarfe biyar na yamma tsakanin New York da Shikago. Sharaɗin shigarsa ɗaya ne, fasinja ya kasance namiji baligi. Ba a sayar wa mace tikiti, ba a ɗaukar yaro. Matan da ke cikinsa ma'aikatan jirgi ne kawai, masu raba gasasshen nama da manyan sandunan taba da silifas na miƙe ƙafa, a kuma sanar da fasinjoji farashin da kasuwar hannayen jari ta tashi a kansa ranar. An buɗe irinsa tsakanin Los Angeles da San Francisco. Shekara 17 wannan tsari ya yi yana aiki, sai a Janairun 1970 aka soke shi, bayan ciniki ya ja baya, masu fafutukar haƙƙin mata kuma sun sa kamfanin a gaba.

Ke nan jirgin da babu yara, wanda ake ta kai ruwa rana a kansa yau kamar sabon tunani, an riga an yi shi. Abin da ya sa ya yiwu a wancan zamani shi ne ya sa ya gagara a yanzu: a lokacin, hawa jirgi harka ce ta tsirarun mutane, yawancinsu maza 'yan kasuwa da manyan ma'aikata waɗanda ofis ke biya wa kuɗin tafiya.

Ba wai yara ba sa hawa jirgi ba ne kafin nan. Suna hawa, amma jefi-jefi, kuma 'ya'yan masu hali. Tun daga 1930, lokacin da Ellen Church ta zama mace ta farko da ta yi aikin hidimar fasinjoji a kamfanin Boeing Air Transport, ma'aikatan jinya ake ɗauka a wannan aiki a Amurka, har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Uwar da ta shiga da goyo, nas ce ke tarbarta. A shekarun 1950 kamfanin BOAC na Ingila yana rataya wa jarirai ɗan gado a jikin ma'ajiyar kaya da ke saman kujeru, jariri ya kwanta a can yana lilo bisa kan iyayensa. Kukansa ma ba lalle ne a ji shi ba. Jiragen farko masu farfela, irin su Ford Trimotor, ƙararsu ta kai a raba wa fasinjoji auduga su toshe kunne. Wanda ke fama da rurin inji uku ba ya da sararin ƙorafi a kan jinjiri.

A watan da aka soke jirgin maza zalla, ranar 22 ga Janairun 1970, Boeing 747 ya yi tafiyarsa ta farko da fasinjoji daga New York zuwa Landan a ƙarƙashin kamfanin Pan Am. Jirgi ne mai cin mutum fiye da 300, kuma irin wannan ciki ba ya cika da manajoji kaɗai. Dole a nemo iyalai, da ɗalibai, da 'yan ci-rani masu zuwa ganin gida. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta janye hannun gwamnati daga tsara farashin tikiti da rabon hanyoyi, kamfanoni suka shiga gasar araha, Turai da Asiya suka bi sahu daga baya. A 1970 fasinjojin jiragen sama a duniya ba su wuce miliyan 310 ba. A 2019 sun kai kimanin biliyan 4.5.

Arahar ta zo da abin da ta zo da shi. A farkon shekarun 1970, kusan rabin kujerun jiragen Amurka a wofi suke tashi, wanda kuka ya dama sai ya ɗauki jaridarsa ya koma baya. Zuwa 2019 ana cika fiye da kashi 80 cikin ɗari. Tazarar da ke tsakanin layin kujera da na gabansa ta sauko daga kimanin inci 35 zuwa 30 ko 31, a wasu kamfanonin araha har 28. Yaran ba su canza hali ba, wurin gudu ne ya ƙare. Ƙafar ɗan shekara huɗu da a da ba ta kaiwa bayan kujerar gaba, yanzu tana kaiwa ba tare da ya miƙe ta ba.

Shi kuwa jariri yana da hujjar kukansa, kuma hujjar tana cikin kunne. Idan jirgi ya lula sama, ana riƙe iskar cikinsa daidai da ta tsaunin da ya kai ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Da ya fara gangarowa sai nauyin iskar ya ƙaru, ya riƙa danna dodon kunne ciki. Abin da ke kawo sauƙi shi ne iska ta shiga ta wani siririn bututu da ya haɗa cikin kunne da bayan hanci. Babba yakan haɗiye yawu ko ya yi hamma, bututun ya buɗe, ya ji kunnensa ya yi ƙas. Na jariri ya fi ƙunci, a kwance yake, 'yar mura kaɗan ta isa ta toshe shi, ga shi ba ya jin magana balle a ce masa ya haɗiye. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a ba shi mama ko kwalba yayin sauka.

Fasinjan da kukan ya hana barci shi ma ba mugu ba ne. A 2012 masu bincike na Jami'ar Oxford sun nuna cewa ƙwaƙwalwar babba na amsa kukan jariri cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ko da mutumin bai taɓa haihuwa ba. Sauti ne da aka halitta don ya hana mai ji sakat. Fasaha ma ba ta raba gardamar ba. Amar Bose ya fara lissafin na'urar kunne mai kashe hayaniya ne a cikin jirgi a 1978, kamfaninsa kuma ya fitar da ita ga fasinjoji a 2000. Sai dai na'urar ta fi iya kashe ruri mai kauri da ba ya canzawa, irin na inji. Tsiwar murya mai hawa da sauka tana ratsa ta. Mutum ya kashe kuɗi ya kawar da ƙarar da a da ke lulluɓe kukan, ya wayi gari daga shi sai kukan.

Masu neman a ware yara sukan kafa hujja da taba. A 1973 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta wajabta raba sashen masu shan taba da na waɗanda ba sa sha. Hayaƙi bai san layi ba, don haka rabon bai yi wani amfani ba. A 1988 aka hana sha a tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba, a 1990 aka faɗaɗa hanin zuwa kusan duk tafiye-tafiyen cikin gida, a 2000 aka haɗa da jiragen da ke shiga ƙasar da masu fita. Misalin ya yi daidai ta fuska ɗaya, domin sauti ma labule ba ya tare shi. Ta sauran fuskoki kuwa ya karye. Hayaƙi na cutar da huhun ma'aikacin da ke shaƙarsa kullum, kuka haƙuri da barci yake ci. Mai taba yana iya barin kwalinsa a aljihu har a sauka, amma mai goyo da za ta haye teku zuwa jana'izar mahaifinta ba ta da aljihun da za ta ajiye ɗanta.

Sa'ad da maganar ta dawo a wannan ƙarni, da wasa ta shigo. Ranar 1 ga Afrilun 2011, ranar da Turawa ke zolayar juna da ƙarya, Ryanair ya sanar da cewa zai fara jiragen da babu yara. Shekara na zagayowa, WestJet na Kanada ya fitar da bidiyon barkwanci yana cewa za a riƙa zuba yara a ɗakin kaya. An yi dariya, amma wasa gaskiyar mai wayo ne, kuma masu lissafin kamfanoni sun ga yawan waɗanda suka so a ce da gaske ake.

Kamfanonin Asiya ne suka fara aiwatarwa. A 2011 shugaban Malaysia Airlines ya fito fili ya kare hana jarirai shiga ajin farko na jiragensa ƙirar 747, da hujjar cewa waɗanda suka biya kuɗi mai yawa suna kukan an hana su barci. A 2012 kamfanin ya keɓe kujerun gama-gari na benen sama a jirginsa A380 ga waɗanda suka kai shekara 12. A Fabrairun 2013 AirAsia X ya ware layukan farko na ajin gama-gari a matsayin sashen shiru, a watan Agusta Scoot na Singafo ya bi, a 2016 IndiGo na Indiya ya keɓe wasu layuka takwas. Japan Airlines ya bi wata hanya mai ladabi a fuska: a 2019 duniya ta lura cewa taswirar zaɓen kujerarsa tana sa hoton fuskar jariri a duk inda ɗan ƙasa da shekara biyu zai zauna. Ba a kori kowa ba, an dai nuna wa jama'a inda za su guje wa.

Corendon, kamfanin da ke da reshe a Turkiyya da Holan, shi ya faɗi farashin ƙarara. Daga Nuwamban 2023, a tafiyar kimanin awa goma daga Amsterdam zuwa tsibirin Kurasawo, ya ware gaban jirgin A350 ga 'yan shekara 16 zuwa sama: kujeru 93 a kan ƙarin yuro 45, da wasu tara masu faɗin wurin ƙafa a kan yuro 100, an kange su da bango da labule. Mai kamfanin, Atilay Uslu, ya ce iyaye ma za su amfana, tunda za su rage fargabar damun wasu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ko da yake amfanin ya fi bayyana a asusun kamfanin.

Duk cikinsu babu wanda ya koma ga abin da United ya yi na hana yara jirgi sukutum. Dalilin ba tausayi ba ne. Iyali na sayen kujera huɗu ko biyar a lokaci guda, su ne ke cika jirage a lokacin hutu, kamfanin da ya kore su ya miƙa su ga abokin gasarsa. Abin da ya fi riba shi ne a ɗauki yaron, a karɓi kuɗin iyayensa, sannan a sayar wa maƙwabcinsu tazara daga gare shi. Haka aka yi da kuɗin jaka da abinci da zaɓen kujera, aka ɓalle su ɗaya bayan ɗaya daga jikin tikiti. Shiru ya shigo layin ne kawai. Wanda ya biya yuro 45 kuma ba a yi masa alkawarin shiru ba, domin labule ba ya hana babban da ke gefensa munshari ko kallon bidiyo a waya ba tare da abin kunne ba.

Akwai kuma gaurayen da ake yi tsakanin abu biyu. Jinjirin da kunne ke ciwo daban, ɗan shekara shida da ke harbin kujera awa uku alhali mahaifinsa na kallon fim daban. Na biyun sakacin babba ne, kuma mai ƙorafi a kansa yana da gaskiya. Iyakar shekara 12 ko 16 tana tattara su duka a kwando ɗaya, har da yarinyar da ta zauna shiru da littafinta tun daga tashi har sauka.

Hayaniyar ta danne wata tambaya da ta fi ta nauyi, wato inda jaririn ke zaune. A yawancin kamfanoni ɗan ƙasa da shekara biyu yana tafiya a cinyar babba, kyauta a cikin Amurka, a tafiyar ƙetare kuma galibi a kan kashi goma cikin ɗari na kuɗin tikiti. Ranar 19 ga Yulin 1989, jirgin United mai lamba 232 daga Denver zuwa Shikago ya rasa injinsa na jela da duk na'urorin sarrafa shi, matuƙa suka lallaɓa da shi zuwa filin jirgin Sioux City, inda ya tarwatse wajen sauka. Daga cikin mutum 296, an rasa 112. Akwai yara huɗu da ba su da kujera. Bisa ƙa'idar lokacin, ma'aikata suka umarci iyayensu su kwantar da su a ƙasa su danne su da hannu. Ɗaya daga cikinsu bai tsira ba. Shugabar ma'aikatan jirgin, Jan Brown, wadda da bakinta aka ba da umarnin, ta kwashe shekaru tana zaryar ofisoshi da zauren majalisa tana neman a wajabta wa kowane jariri kujera da ɗamara.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta goyi bayanta. Amma a 2005 hukumar FAA mai tsara dokokin jiragen sama ta ƙi wajabtawa. Lissafinta shi ne, idan aka tilasta wa iyaye sayen ƙarin tikiti, wasunsu za su haƙura da jirgi su hau mota, kuma yaran da za a rasa a kan titi za su fi waɗanda za a ceta a sama. Har yau shawara kawai hukumar ke bayarwa: ta ce hannun uwa ba zai iya riƙe yaro ba idan jirgi ya yi mummunar girgiza, don haka gara a saya masa kujerarsa a ɗaure shi a ciki. Kuɗin kujerar kuwa, iyaye ne ke biya.