Yadda Wasan Wuta Ya Bar Hannun Yaran Amurka

Amurkawa da dama na tuna daren 4 ga Yuli na yarintarsu: iyali zaune kan ciyawa da maraicen bazara, sararin sama na tartsatsin launuka. Al'adar ta faro ne a Filadelfiya a 1777, shekara guda bayan shelar 'yancin kai.

Zuwa farkon ƙarni na 20, bikin ya koma makoki a gidaje da yawa. A 1903 kaɗai, sama da mutum 400, galibinsu yara, sun mutu da cutar sarƙe-haƙora bayan raunukan bindigogin wasa da kayan albarushi. Likitoci suka matsa lamba, birnin Cleveland ya haramta kayan a 1908, wasu birane suka bi sahu. Sannu a hankali manyan wasannin suka koma hannun ƙwararru, yara suka zama 'yan kallo.