Ƙungiyar ƙwadagon ƴan jaridar Los Angeles Times

Los Angeles Times jarida ce ta birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda aka fara bugawa a shekarar 1881. Ta shafe shekaru 136 ba tare da ƴan jaridarta sun samu ƙungiyar ƙwadago, wato sandika, ba.

Asalin gabar

Harrison Gray Otis, wanda ya karɓi ragamar jaridar a 1882, ya yi ƙaurin suna wajen yaƙar ƙungiyoyin ma'aikata. Ranar 1 ga watan Oktoban 1910 wani bam ya tarwatsa ginin jaridar, aƙalla mutane 20 suka mutu. Daga baya James McNamara, ɗan ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, ya amsa laifin, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Lamarin ya ƙara wa masu jaridar ƙin sandika.

Yadda aka kafa ta

Kamfanin Tribune na Chicago ya sayi jaridar a 2000, ya durƙushe saboda bashi a 2008. Rage ma'aikata, yawan sauya shugabanni da tsayawar albashi wuri guda suka sa ƴan jaridar bayyana aniyarsu a watan Oktoban 2017.

A dokar ƙwadagon Amurka ta 1935, idan kashi 30 cikin 100 na ma'aikata suka sa hannu, hukumar NLRB kan shirya ƙuri'ar sirri. In masu rinjaye suka amince, wajibi ne kamfani ya zauna da wakilansu. An bayyana sakamako ranar 19 ga Janairun 2018: mutane 248 suka amince, 44 suka ƙi. Da haka suka shiga NewsGuild, uwar ƙungiyar da aka kafa a 1933.

Abin da ta samo

A watan Yunin 2018 attajiri Patrick Soon-Shiong, likita haifaffen Afirka ta Kudu, ya kammala sayen jaridar da wasu ƴan uwanta a kan dala miliyan 500. Da shi aka cimma yarjejeniyar aiki ta farko, irin wadda ake kira convention collective a ƙasashe masu amfani da Faransanci, a watan Oktoban 2019. Ta tanadi ƙarin albashi, mafi ƙarancin abin da za a biya kowane mataki, da la'akari da daɗewa a aiki idan za a sallami ma'aikata.

Iyakar ƙarfinta

Yarjejeniyar ba ta hana kuɗin talla da masu karatu raguwa ba. Ranar 19 ga Janairun 2024 ƴan jaridar suka yi yajin aikin yini guda, na farko a tarihin ɗakin labaran, bayan shugabanni sun nemi sassauta ƙa'idar daɗewa a aiki. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar da sallamar aƙalla mutane 115, sama da kashi 20 cikin 100 na ma'aikatan ɗakin labarai.