Gambarar da Ake Rerawa da Tarihin Iyakar da Aka Shata Mata

A watan Fabrairun 2017 aka bai wa Drake, mawaƙin nan ɗan birnin Toronto na Kanada, kyautar Grammy har biyu saboda waƙarsa "Hotline Bling", dukkansu a rukunin gambara. Bai halarci bikin ba, yana can Turai yana rangadin wasanni. Bayan 'yan kwanaki ya fito a wata hira ta rediyo ya ce kyaututtukan ba su kwanta masa a rai ba, domin waƙar ba gambara ba ce. Tun daga farkonta har ƙarshe rerawa ya yi, kuma a ganinsa waƙar pop ce kamar kowace. Abin da ya sa aka kai ta can, in ji shi, ko dai don an san shi da gambara a baya, ko kuma don shi baƙar fata ne.

Ƙorafin ya taɓo tsohon miki. Shekara arba'in ke nan ana ja-in-ja a Amurka kan inda gambara ta tsaya da inda rerawa ta soma, kuma idan aka bi sawun rigimar za a tarar kunne bai taka rawar kirki wajen shata iyakar ba. Gidajen rediyo ne suka shata ta, da masu sayar da faifai, da masu raba kyaututtuka, sai kuma su 'yan gambarar kansu da irin fahimtar da suka yi wa mazantaka.

Masana tarihin hip-hop sukan fara lissafi daga ranar 11 ga Agustan 1973, lokacin da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi kiɗa a wani ƙaramin biki a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick na unguwar Bronx da ke New York. Dabararsa ita ce ya sa faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita wurin da ganga take kaɗawa ita kaɗai, masu riƙe da makirufo kuma suna zuba magana a kai. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, ƙungiyoyin farko irin su Cold Crush Brothers sukan ɗauki karin waƙoƙin pop da ake yayi a rediyo, su ɗora nasu kalmomin, su rera tare da murya ɗaya kafin kowa ya zubo baitinsa. A 1979, shekarar da Sugarhill Gang suka fitar da "Rapper's Delight", kamfanin da ya fito da ita, na Sylvia Robinson, ya kuma fitar da faifan wasu 'yan mata uku daga jihar Carolina ta Kudu masu suna The Sequence, suna gambara suna rerawa a waƙa guda. Ɗaya daga cikinsu, Angie Stone, daga baya ta yi suna a waƙar soul.

Tsakiyar shekarun 1980 ne aka fara tsuke fuska. Run-DMC da waɗanda suka biyo bayansu sun rage kayan kiɗa, suka bar ganga mai nauyi da murya mai kaushi, aka wayi gari taushin murya ya zama abin gori. Da LL Cool J ya fitar da waƙar soyayya "I Need Love" a 1987, ta sayu sosai, amma ya sha suka daga masu ganin ya zubar da girman sana'a. Ga shi ko rerawa bai yi a cikinta ba, sassauta murya kawai ya yi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai kasuwa, wadda tata iyakar ta girmi gambara nesa ba kusa ba. Mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe, ta ware wa baƙaƙen fata jadawalinsu tun shekarun 1940. A 1949 ta sauya masa suna daga na launin fata zuwa Rhythm and Blues, sannan daga 1982 zuwa 1990 ta koma kiransa jadawalin waƙoƙin baƙaƙe kai tsaye. Gidajen rediyon pop ba sa son gambara tsagwaronta, kuma da yawa daga gidajen rediyon baƙaƙen ma sun daɗe suna ɗari-ɗari da ita. Mafitar da furodusoshi suka samo ita ce raba aiki: ɗan gambara ya zubo baituka, a ɗauko mai zaƙin murya ya yi amshi. Haka Warren G da Nate Dogg suka yi a "Regulate" a 1994, haka Method Man da Mary J. Blige suka yi a 1995 har suka ci Grammy, kuma a wannan shekarar Mariah Carey, tauraruwar pop, ta gayyaci Ol' Dirty Bastard cikin sabon zubin waƙarta "Fantasy". Tsarin ya yi wa kowa daɗi, domin ɗan gambara ya shiga rediyo ba tare da an ce ya yi laushi ba.

Waɗanda suka rushe wannan rabon aiki ba daga New York ko Los Angeles suka fito ba. Samari biyar ne daga birnin Cleveland na jihar Ohio, Bone Thugs-n-Harmony, waɗanda Eazy-E ya ɗauka a kamfaninsa na Ruthless. Gudun harshensu ya fi na kusan kowa a zamanin, amma kowace gaɓa da suka furta tana zaune a kan kari, kuma sukan jera muryoyi sama da ƙasa irin na mawaƙan coci. Babu inda mai sauraro zai sa yatsa ya ce nan baiti ya ƙare, nan amshi ya fara. Bayan rasuwar Eazy-E a watan Maris na 1995, sun yi masa ta'aziyya shi da sauran mamatansu da "Tha Crossroads", wadda ta yi mako takwas a saman jadawalin Billboard a 1996. A ganina duk wanda ke neman kakannin salon da matasa suke yi a yau, nan ya kamata ya fara dubawa, kuma har yanzu ba a ba su haƙƙinsu yadda ya dace ba. Lauryn Hill ta bi ta wata hanyar. Ita ta ƙware a sana'o'in biyu daban-daban, takan sauya daga wannan zuwa wancan a tsakiyar waƙa, kuma kundinta na 1998 ya kawo mata Grammy biyar a dare ɗaya, har da ta kundin shekara.

Duk da haka, da masu Grammy suka ƙirƙiro rukuni na musamman a 2002, sai suka gina shi a kan haɗin gwiwar mai gambara da mai rerawa, wato dole mutum biyu ne. Eve da Gwen Stefani ne suka fara cin kyautar. Gorin nan ma bai mutu ba. 50 Cent ya yi ta yi wa Ja Rule ba'a saboda waƙoƙin soyayyar da yake yi da Ashanti, sannan a 2003 shi ma ya kai saman jadawali da waƙar soyayya wadda Nate Dogg ya yi wa amshi.

Sai na'ura ta shigo. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aiki a harkar haƙar mai, inda ake aika sauti cikin ƙasa a nazarci amsa-kuwwarsa don gano inda mai yake. Da irin wannan lissafin ya ƙera manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Aikinta shi ne ta auna muryar mawaƙi, in ta kauce wa kari ta jawo ta zuwa sautin da ya fi kusa. Idan aka bar ta ta yi gyaran a hankali, ba mai ganewa. Idan kuwa aka matsa ta ta yi shi nan take, sai muryar ta riƙa tsalle daga sauti zuwa sauti tana ƙara kamar ƙarfe. Mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san wannan amo sarai, don situdiyoyin Kano sun rungume shi hannu bibbiyu. Cher ce ta fara fito da shi fili a 1998, amma T-Pain, ɗan jihar Florida wanda Akon ya ɗauka a kamfaninsa, shi ya mayar da shi tambarinsa tun daga kundinsa na farko a 2005.

Ya sha zagi a kan haka. An ce na'ura ce ke rufa masa asiri, har Jay-Z ya yi waƙa sukutum a 2009 yana shelar mutuwar Auto-Tune. A 2014 T-Pain ya zauna a wani ɗan ƙaramin wasa na gidan rediyon NPR, daga shi sai mai kaɗa fiyano, ya rera da muryarsa ta Allah, aka ga ashe gwani ne. Kafin nan Kanye West ya riga ya buɗe wata ƙofa. Mahaifiyarsa ta rasu a Nuwamban 2007, ya rabu da wadda zai aura, sai ya fitar da "808s & Heartbreak" a Nuwamban 2008, kusan dukkansa rerawa ta cikin na'ura. Shi ba mai murya ba ne, kuma wannan ne muhimmancin abin: na'urar ta ba wanda bai iya rerawa ba damar yin kuka a kan kari. Ta wannan ƙofa Drake ya shigo, da Future da Young Thug na Atlanta, da Juice WRLD na yankin Chicago, wanda ya rera baƙin ciki da shaye-shaye har ya rasu a Disambar 2019 yana da shekara 21.

Masu sukar salon suna da tasu gaskiyar, bai kamata a share ta ba. Gambara irin ta Rakim da Nas sana'ar harshe ce, ta saƙa amsa-amo a tsakiyar layi da ɓoye ma'ana a cikin ma'ana. Idan kari ya ɗauke nauyin waƙa, sau da yawa kalmomi sukan yi sakaci, kuma akwai waƙoƙin wannan zamani masu yawa da in aka cire musu kiɗa ba abin da zai rage. Wannan asara ce ta gaske. Inda ban yarda da su ba shi ne cewa rerawa baƙuwa ce da ta shigo ta ɓata gida, alhali tare aka haife su.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ake bari ya tsallaka. Post Malone, farar fata da ya tashi a Texas, ya yi suna a 2015 da kiɗan gambara da rerawa irin ta Atlanta, gidajen rediyon pop suka karɓe shi ba gardama, kuma a 2024 ya fitar da kundin Country, wato kiɗan karkarar kudancin Amurka, birnin Nashville, cibiyar salon, ya yi masa maraba. Lil Nas X, baƙar fata daga Georgia, ya sayi kiɗa a intanet a kan dala 30 daga wani matashi ɗan Holan, ya rera "Old Town Road". A watan Maris na 2019 Billboard ta cire ta daga jadawalin Country da hujjar ba ta da isassun siffofin salon. Ya sake ta tare da mawaƙin Country Billy Ray Cyrus, ta yi mako 19 a saman babban jadawali, abin da wata waƙa ba ta taɓa yi ba kafin nan. A Janairun 2020 Tyler, the Creator ya karɓi kyautar kundin gambara saboda "IGOR", kundin da galibinsa rerawa ce, ya shaida wa 'yan jarida cewa duk lokacin da masu kamarsa suka yi abin da ya ƙetare salo, sai a tura shi rukunin gambara ko na "urban", lakabin da ya ce sakaya ce kawai ta nuna launin fata.

A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan George Floyd, masu Grammy suka cire wancan lakabi daga rukunin R&B, suka kuma sauya wa rukunin 2002 suna zuwa na gambara mai kari. Tun 2017 dama sun janye sharaɗin mutum biyu. Anderson .Paak ne ya fara cin kyautar da sabon sunanta a 2021, da waƙar da ya yi kan ita wannan zanga-zangar.

A 2024 Shaboozey, haifaffen Virginia wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ɗauko wata waƙar gambara ta J-Kwon ta 2004 ya sake gina ta da jita da tafi. Wannan karon Billboard ta bar ta a jadawalin Country, ta hau samansa, ta kuma yi mako 19 a saman babban jadawali, daidai da na Lil Nas X. A bikin ƙungiyar mawaƙan Country da aka yi a Nashville a Nuwamban wannan shekarar an sa sunansa a rukuni biyu, bai samu ko ɗaya ba.