Ɗabi'u Huɗu a Ƙasar Kano da Ginshiƙai Biyar na Ƙasar Sin

A ƙauyukan Tsanyawa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, idan gaɓoɓin manomi suka riƙe sai a ce sanyi ne ya shige shi, a ba shi abu mai zafi kamar citta da kanumfari. Wannan magana tsohon tarihi gare ta, domin ta yi daidai da ilmin da malamai ke kira ɗabi'u huɗu, watau wuta da iska da ruwa da ƙasa.

Asalin wannan lissafi daga Yunanawa yake. Wani masani mai suna Empedokles, mutumin tsibirin Sisili, shi ya ce da waɗannan huɗu aka gina kowane abu, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Aristo ya ba kowannensu hali biyu: wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Likita Jalinus ya ɗora wannan a jikin mutum, ya ce lafiya ita ce daidaituwar jini da majina da safara'u da sauda'u. Hunainu ɗan Isiyaku, wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza, sa'an nan Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara ilmin cikin Alƙanun. Ashe abin da Turawa ke kira tsarin Yamma, Hausawa daga Gabas suka karɓe shi.

Da ya iso ƙasar Hausa bai tsaya ga magani kaɗai ba. Masu hisabi sun kasa haruffan Larabci 28 kashi huɗu, bakwai bakwai, alifi yana cikin na wuta. Masu bugun ƙasa kuwa siffofi 16 gare su, kowace da layi huɗu, na sama wuta, na ƙarshe ƙasa. Ƙasar Katsina ta fid da gwani a wannan fanni, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya yi littattafai kan haruffa da hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malaman shari'a da yawa dai sun yi hani da duba.

To, mutanen Sin nasu lissafin dabam ne. Su biyar suka ƙidaya: itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, ba iska a ciki. An fi danganta tsarin da Zou Yan, na ƙarni na 3 kafin Annabi Isa. A wurinsu waɗannan matakai ne da ke haifar juna: itace na ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta fid da ƙarfe, ƙarfe ya tara raɓa, ruwa ya raya itace. Kuma suna cin juna: ruwa na kashe wuta, wuta na narkar da ƙarfe, ƙarfe na sare itace. Watau Bayunane yana tambaya da me aka yi abu, Basine kuwa yana tambaya me zai biyo bayan me. Indiyawa su ma biyar ne, amma huɗun nan ne suka ƙara wa sarari.

Duwatsun ado kuma sun daɗe a hannun Hausawa. Daga Kambai ta ƙasar Gujarat aka riƙa kawo jan dutsen aƙiƙ zuwa Afirka, a ƙarni na 19 kuma garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin, yana sassaƙa talhatana don kasuwannin Sahara. Masu sayar da duwatsun ƙarau na yanzu sukan ce wannan na wuta ne, wancan na ƙarfe ne, su gauraya tsari biyu waɗanda ko adadinsu bai zo ɗaya ba. Aƙiƙ dai ɗan'uwan yashi ne wajen sinadari, kuma gwaji bai tabbatar da cewa rataya shi yana warkar da cuta ba. Lavoisier ya jera ruwa cikin abubuwan da ake iya rabawa a 1789, yau kuwa sinadaran asali da aka sani 118 ne.

Sanin wannan tarihi yana da amfani har a ɗakin mai jego. Tsoron sanyi shi ya sa ake wankan jego da tafasasshen ruwa kwana 40, da kwana bisa gadon ƙasa mai wuta, da shan kunun kanwa. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, da suka yi aiki a Zariya, sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin nan da gishirin kanwa. Saboda haka mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi kuma ya yi mata wuya, asibiti ya kamata a kai ta, kada a ce sanyi ne a ƙara mata wuta.